An ce sankara ta tafi, sai ga ta ta dawo: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin da ake ɗaura wa masu sankara ruwan kimawi, a Madani ne ko Gadarif ko Bur Sudan a ƙasar Sudan, ya san maganar da ta fi kowace kaɗa hanjin majinyata: "ta dawo". An yi aiki, an sha allurai, suma ta zube ta sake tsirowa, an yi sadaka an gode wa Allah, sai bayan shekara 2 ko 5 likita ya dubi hoto ya yi shiru. Tambayoyin da ke ƙasa su ne mutanenmu na Mai Wurno, Sinnar, Kasala da kambunan Jazira suka fi maimaitawa. Na bar kalmomi irin su kimawi (maganin kashe ƙwayoyin sankara) da jur'a (zagaye ɗaya na maganin) yadda muke faɗinsu, tunda da su ake yi mana magana a asibiti. Wannan bayani don a gane ne. Hukunci a kan maganinka yana hannun likitan da ke riƙe da takardunka.

Likita ya ce an cire ƙarin gaba ɗaya, hoto ma bai nuna komai ba. To ta ina ta biyo?

Ba ta je ko'ina ba, raguwa ta yi har ta fi ƙarfin idon na'ura. Ƙarin da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, wato santimita 1, yana ɗauke da ƙwayoyin halitta ɗaruruwan miliyoyi, har zuwa biliyan 1. Na'urar hoto kuwa da ƙyar take ganin abin da bai kai 'yan milimitoci ba. Saboda haka idan aka ce hoto ya fita fes, ma'anarsa abin da ya rage bai kai a gan shi ba. Yana iya zama babu ko ɗaya, yana iya zama dubbai. Wasu ƙwayoyin tun kafin wuƙar likita ta sauka sun riga sun bi jini ko hanyoyin kaluluwa sun sauka a ƙashi, hanta ko huhu.

Shi kuma kimawi ba ya ƙirga ƙwayoyi ya kashe adadi kaza. Kaso yake kashewa, kamar yadda Howard Skipper ya nuna a Amurka a shekarun 1960. A ce kowace jur'a tana kashe 99 cikin 100. Biliyan 1 zai koma miliyan 10, jur'a ta biyu ta mayar da shi 100,000, ta uku 1,000. A nan majinyaci yake jin ya warke sarai, alhali dubu na nan da ransu, kuma a makonni 3 da ake ba jiki ya huta, su ma suna hayayyafa. Dalilin rubuta jur'a 6 ko 8 ke nan.

Mene ne "bijire wa magani"? Jikina ne ya saba da shi?

Jikinki ba shi da laifi, Inna. Ƙwayoyin ƙarin ne.

Dattawan da suka yi aikin auduga a Jazira sun ga wannan abu da idonsu. A ƙarshen shekarun 1970 jirage suna ta feshi a kan gonaki, ƙwari na mutuwa, sai farin ƙuda ya gagara. Da ma a cikin miliyoyinsa akwai 'yan kaɗan da gubar ba ta kama su. Feshi ya share sauran, ya haɗa da ƙwarin da ke cinye shi, fili ya zama na waɗannan 'yan kaɗan, suka hayayyafa har auduga ta riƙa danƙo da asala, wato ruwan zaƙin da ƙudan ke fitarwa, darajarta ta faɗi a kasuwa. Da ma masu taurin suna nan, feshin tankaɗe ya yi ya ware su.

Haka ƙari yake. Ko da yake daga ƙwaya ɗaya ya faro, duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu ana iya samun kuskure wajen kwafe rubutun gadonta, har a wayi gari ƙari ɗaya ya zama gari mai zuriya iri-iri. Peter Nowell ya bayyana haka a 1976. A 1979 Goldie da Coldman na Kanada suka yi lissafin da ya nuna gwargwadon girman ƙari, gwargwadon yiwuwar akwai masu taurin kai a ciki tun kafin a fara magani. Wannan lissafi ya shafe mu ƙwarai, domin mafi yawan matanmu ba sa zuwa da ciwon nono sai ya yi girma ko ya fashe. Matar da ta zo da ƙulli kamar wake tana gaba da wadda ta zo da shi kamar lemo, ko da magani ɗaya aka ba su.

Wace dabara ƙwayar take yi har magani ya kasa ta?

Dabarun suna da yawa, kuma ƙari ɗaya na iya haɗa biyu ko uku.

Akwai wadda ke kafa famfo a jikinta, magani na shiga tana zuƙo shi waje. Victor Ling da abokin aikinsa suka gano wannan famfo a Toronto a 1976, kuma muguntarsa ita ce yana fitar da magunguna daban-daban, har da waɗanda ba a taɓa ba majinyacin ba. Akwai wadda ke canza kwaɗo. Magungunan zamani kamar mabuɗi suke, an ƙera su don kwaɗo ɗaya tak. Glivec, da aka fara amfani da shi a 2001 don wani nau'in sankarar jini, yana toshe wani sinadari mai suna BCR-ABL. Idan harafi ɗaya ya canza a wurin, kamar canjin da ake kira T315I, mabuɗin ba zai ƙara shiga ba. Haka ma sankarar huhu mai alamar EGFR: kusan rabin waɗanda maganin farko ya daina yi musu aiki ana samun su da canjin T790M, kuma don shi aka fito da Tagrisso a 2015.

Wata kuma idan aka tare mata babbar hanya sai ta yi ratse, kamar direban da ya san inda shinge yake. Wata ta ƙware wajen ɗinke ɓarnar da kimawi ya yi mata. Wata ta goge alamar da sojojin jiki ke gane ta da ita. Sai wadda ta fi ba likitoci wahala, mai yin barci.

Barci kuma? Shi ya sa ta dawo wa yayata bayan shekara 12?

Mai yiwuwa ne ƙwarai, musamman idan sankarar nono ce mai rayuwa da sinadarin mata.

Manoman dawa a Gadarif sun san ƙuduji, wanda Larabawa ke ce wa buda. Irinsa na iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 bai tsiro ba, sai ya ji saiwar dawa kusa da shi. Noma ba ya taɓa shi, domin ba a nome abin da bai fito ba. Kimawi ma mafi yawansa ƙwayar da ke rabuwa yake kamawa, mai barci kuwa sai ya wuce ta. A 2010 masu bincike a Boston suka zuba magani mai ƙarfi a kan ƙwayoyin sankarar huhu, kusan duka suka mutu, sai 'yan kaɗan, ƙasa da 1 cikin 100, suka lafe. Abin mamaki, rubutun gadonsu bai canza ba. Da aka janye maganin suka farka suka yaɗu, 'ya'yansu kuma magani ya sake kama su. Haɗarin shi ne a tsawon wannan laɓewa wata daga cikinsu na iya samun canji na dindindin.

A 2017 masana a Oxford suka tattara bayanan mata sama da 60,000 da suka sha maganin toshe sinadarin mata shekara 5 suka daina. Daga shekara ta 5 zuwa ta 20 cutar ta ci gaba da ɓullowa a wasu sassan jiki, daga kashi 13 cikin 100 ga masu ƙaramin ƙari da bai taɓa kaluluwa ba, zuwa kashi 41 ga masu babba da ya kama kaluluwa da yawa. Har yanzu maganin da zai bi masu barcin nan ya kashe su a makwancinsu yana ɗakin bincike. Abin da ake da shi a hannu shi ne a hana su abin da zai tashe su, aikin da tamoksifen da ire-irensa ke yi ke nan.

Me ya sa ake haɗa mini magani 3 ko 4 a lokaci ɗaya? Ɗaya ma da ƙyar nake ɗauka.

Da zafi aka koyi wannan darasi. A 1948 Sidney Farber ya ba da rahoton yara 16 masu sankarar jini da ya ba magani ɗaya a Boston. Yara 10 suka samu sauƙi, wasu har suka koma wasa, amma cikin watanni cutar ta dawo. A shekarun 1960 Emil Frei da Emil Freireich suka haɗa magani 4 masu aiki ta fuska daban-daban, mutane na cewa za su kashe yaran. Hikimar ita ce idan ƙwaya 1 cikin miliyan ta gagari maganin farko, 1 cikin miliyan ta gagari na biyu, da wuya a samu wadda ta gagari duka biyun. Yau a ƙasashe masu hali kusan yara 90 cikin 100 masu irin wannan sankarar suna warkewa, bayan magani na shekara 2 ko fiye. Masu tarin fuka ma don haka ake haɗa musu ƙwayoyi 4.

Na sha jur'a 3, ƙullin ya ɓace, kuɗi kuma sun ƙare. Ba zan iya tsayawa nan ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, domin a nan muke rasa mutanen da za su iya warkewa. Ɓacewar ƙulli alama ce maganin yana aiki, wato lokacin da ya fi cancanta a ci gaba. Wanda ya tsaya a nan ya kashe maciji bai sare kansa ba. Masu saurin mutuwa sun mutu, saura masu tauri, an kuma sakar musu fili.

Gianni Bonadonna na Milan ya bi matan da aka yi wa aikin nono har shekara 20, ya wallafa sakamakon a 1995. Waɗanda suka samu aƙalla kashi 85 cikin 100 na adadin kimawin da aka tsara musu su suka fi cin ribarsa, waɗanda aka rage wa sosai kuwa ribarsu kaɗan ce. Gashi da haske, wanda muka fi sani da aikin asibitin Zarra na Hartum, shi ma haka. A sankarar bakin mahaifa ana so a gama shi duka cikin mako 8, kowace ranar da aka ƙara a kan haka tana ba ƙarin damar sake ginuwa.

Idan amai, ciwon baki ko kasala ne ke neman korar ki, faɗa wa likita. Akwai magungunan amai masu kyau, akwai allurar ɗaga ƙwayoyin jini, kuma rage jur'a da lissafin likita ya fi gudu nesa ba kusa ba. Idan kuɗi ne, a faɗa tun wuri, kafin ranar jur'a, a nemi ofishin taimakon marasa hali na asibitin da kuma dangi. Mu da muke iya haɗa kuɗin biki cikin mako ɗaya, bai kamata jur'a ta biyar ta gagare mu ba. Shawarata ga dangi: ranar da aka fara magani a tambayi jur'a nawa ce duka, a yi lissafin ƙarshe tun daga farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abu da mata da yawa ba su sani ba: idan aka yi kimawi kafin aiki, sakamakon naman da aka cire yana nuna ko akwai sauran ƙwayoyi masu rai. Waɗannan su ne ainihin waɗanda suka gagari maganin farko, don haka akan canza musu wani. Binciken Japan da Koriya na 2017 ya nuna ƙwayoyin Xeloda na rage dawowar cutar ga irin waɗannan mata. Ga masu alamar HER2 kuma, maganin Kadcyla ya rage ta da rabi idan aka kwatanta da ci gaba da Herceptin. A tambayi likita abin da takardar naman ta ce.

Yaƙi ne ya katse mana magani wata 4. Shi ke nan mun yi asara?

A'a, kuma ba laifinku ba ne. Asibitin Zarra na Hartum da ke aiki tun 1967 ya tsaya bayan 15 ga Afrilu 2023. Mutane suka kwarara cibiyar sankara ta Jami'ar Jazira a Madani, sai ita ma yaƙi ya iso ta a Disamba na shekarar. Daga nan aka watsu Gadarif, Kasala, Bur Sudan, Marawi, wasu Masar. Dubban mutane ne magani ya yanke musu.

Ba zan ɓoye ba, jinkiri na da illa. Wani babban nazari na 2020 ya nuna kowane mako 4 na jinkiri yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 13 cikin 100, gwargwadon irin ciwon da irin maganin. Amma lissafin nan kansa yana nuna komawa yau ta fi komawa wata mai zuwa. Likita zai sake hoto da gwajin jini, ya ga ko a ɗora daga inda aka tsaya ko a sake shiri.

Abin da ya fi wahalar da likitoci a wannan hijira shi ne majinyaci ya zo hannu biyu, abin da ya sani kawai "ruwa ja ake sa mini". Ku ɗauki hoton kowace takarda a waya, ku tura wa ɗan'uwa biyu a garuruwa daban. Mafi muhimmanci: takardar gwajin nama, sunayen magunguna da adadinsu, ranakun jur'a, da yawan zaman gashi. Jan ruwan nan, alal misali, yana da iyakar da ba a wucewa a tsawon rayuwa saboda zuciya, dole sabon likita ya san nawa aka riga aka sa. In da hali a karɓi ɗan daskararren naman da ke ajiye a ɗakin gwaji, ana iya sake duba shi ko bayan shekaru.

Tamoksifen har shekara 5, yanzu kuma an ce 10. Ni da ba na jin ciwon komai?

Rashin jin ciwon shi ake nema, Hajiya. Ga mai sankarar da ke rayuwa da sinadarin mata, ƙwayar nan mai araha tana rage dawowar cutar da kusan rabi a shekarun da ake shan ta, tana rage mutuwa da kusan kashi 1 cikin 3 a tsawon shekara 15. Wani babban gwaji da aka bayyana a 2012 ya nuna kaiwa shekara 10 na ƙara kariya, shi ya sa ake tsawaita wa masu haɗari babba. Duk da haka mata da yawa a ko'ina a duniya suna ajiye ta kafin lokaci saboda zafin jiki, gumin dare ko ciwon gaɓoɓi. Kafin ki ajiye, je ki faɗa, akwai canji. Ba a ɗaukar ciki ana shan ta, mai son haihuwa ta shirya da likita. Jini bayan tsayawar al'ada, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, a je asibiti ba jira.

Glivec ya yi wuya. Zan iya raba ƙwaya biyu, ko in sha yau in huta gobe?

Da ka yi haka a ɓoye gara ka gaya wa likita nawa ya rage maka. A wani asibitin Landan an sa wa kwalaben majinyata murfi mai ƙirga buɗewa, aka wallafa sakamakon a 2010. Waɗanda ke tsallake fiye da ƙwaya 3 a wata, kaɗan ne daga cikinsu cutar ta kwanta musu yadda ake so, masu sha kullum kuwa kusan dukansu. Rabin magani yana barin cutar ta yi yawa, yawanta kuma shi ke haifar da canjin kwaɗon da muka ambata. Gwajin BCR-ABL da ake so a yi duk wata 3 a farkon magani shi ke nuna matsala kafin jiki ya ji. Gaskiya ne akwai waɗanda ake dakatar wa da maganin bayan shekaru cutar ba ta bayyana a gwaji, amma da gwajin jini kowane wata ake yin haka, kuma kusan rabinsu sai an mayar da su kansa.

Akwai abinci ko magani da ke karya maganin sankara?

Akwai, kuma wasu suna cikin gidajenmu. Girif, babban lemon nan mai ɗaci da ke cika kasuwa lokacin sanyi, yana hana jiki narkar da ƙwayoyi da yawa na zamani, sai su taru su zama guba. Maganin olsa irin omefirazol yana hana wasu shiga jini. Rifamfisin na tarin fuka yana zubar da ƙarfin Glivec sosai. Wasu magungunan damuwa suna rage aikin tamoksifen. Zuba duk abin da kake sha a leda, har da na gargajiya, ka kai wa likita ya gani.

Sai maganar ingancin maganin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 kusan magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko bai kai inganci ba, yaƙi kuma ya buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri ƙofa. Herceptin na buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta kwana biyu a bayan lori cikin zafin Afrilu, ba wanda zai iya tabbatar da ƙarfinta. Raunanan magani daidai yake da rabin jur'a, ga kuɗi sun tafi.

Habbatus sauda, zuma, rubutu da fitsarin raƙumi fa?

Addu'a, rubutu da ruƙiyya ba wanda ya hana, suna ƙarfafa zuciya, kuma ba su karo da allura. Zuma abinci ce. Inda ake halaka shi ne a ajiye asibiti a tafi wata 6 wajen mai magani, a dawo ƙari ya ninka, masu taurin kai sun cika shi. Masu bincike a Jami'ar Yale sun kwatanta a 2018: waɗanda suka zaɓi maganin gargajiya kaɗai sun mutu ninki biyu da rabi na waɗanda suka bi asibiti, a sankarar nono kuwa sama da ninki 5. Tsaga ƙari, ƙona shi da ƙarfe ko ɗaura masa ganye mai ci yana buɗe gyambon da ba ya rufuwa. Ɗanyen nonon raƙumi da fitsarinsa na ɗauke da zazzaɓin maltiyya da cutar numfashi ta MERS, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansu, mai kimawi kuwa garkuwarsa a ƙasa take.

In daina sukari, sankarar za ta mutu da yunwa?

Ba za ta mutu ba. Jiki na mayar da kisira, asida da tuwo sukari, ko ba ka sa cokali ɗaya a shayi ba. Majinyacin da aka hana abinci ramewa yake har ya kasa ɗaukar jur'arsa. A bar shi ya ci ful, ƙwai, kifi, nama da madarar da aka tafasa.

Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne motsa jiki. Gwajin da aka wallafa a 2025 a kan mutum 889 da suka gama kimawin sankarar hanji ya nuna bayan shekara 5, kashi 80 na waɗanda aka sa a tsarin motsa jiki suna nan lafiya ba cuta, a kan kashi 74 na sauran. Mafi yawansu tafiya ce da sauri, minti 45 zuwa awa 1, sau 3 ko 4 a mako. Taba da tumbak, wato garin tabar da ake sa wa a baki, kuwa a bar su. Mai sankarar baki da ya koma sa tumbak a baki bayan gashi yana jawo sabuwa a kan tsohon tabo.

Azumi fa?

Allah ya yi wa maras lafiya rangwame. Ranakun kimawi, musamman sisfilatin mai buƙatar ruwa da yawa don kare ƙoda, ba ranakun azumi ba ne. Mai ƙwaya ɗaya a rana da ke jin ƙarfi yakan iya mayar da ita dare, da sanin likita. Abin gudu shi ne ɗaga jur'a "sai bayan Salla".

An ce akwai gwajin jinin da ke ganin sankara kafin hoto.

Akwai. Ƙwayoyin ƙari idan sun mutu suna zubar da ɓurɓushin rubutun gadonsu a jini, ana iya tsinto shi watanni kafin hoto ya nuna komai. A Ostareliya an gwada shi a kan masu sankarar hanji mataki na 2, aka wallafa a 2022: waɗanda aka ba kimawi sun ragu daga kashi 28 zuwa 15 ba tare da cutar ta ƙara dawowa ba. A sankarar jini an daɗe ana gwajin da ke gano muguwar ƙwaya 1 cikin 10,000. Sai dai yana da tsada, sai manyan asibitoci irin na Riyad ko Alƙahira. A ganina, gidan da kuɗinsa ƙididdigaggu ne ya fara kammala jur'o'i kafin ya sayar da gona don wannan gwaji.

Na karanta wasu likitoci da gangan suke dakatar da magani don kada cutar ta bijire. Ba ya saɓa da abin da kuka faɗa ba?

Ka karanta daidai, Malam. Robert Gatenby na cibiyar Moffitt a Fulorida ya aro tunanin daga masu yaƙi da ƙwarin gona: idan ba za ka iya ƙarar da ƙwari ba, bar masu jin magani da rai su yi wa masu tauri cunkoso. A 2017 suka ba da rahoton ƙaramin gwaji a kan masu sankarar prostate, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da ta riga ta yaɗu, ana ba da magani a dakata gwargwadon gwajin jini, kuma cutar ta daɗe ba ta gagara ba. Amma lura da sharuɗɗan: cuta ce da ba a sa ran warkar da ita, mutanen kaɗan ne, ana auna jininsu kowane wata. Inda ake neman warkewa gaba ɗaya, kamar bayan aikin nono ko hanji, ko sankarar jinin yara, cikakkiyar jur'a a kan lokacinta ita ce ƙa'ida.

To idan ta dawo, shi ke nan?

Ya danganta da iri da wuri. Wadda ta dawo a inda take da fari sau da yawa ana sake aiki ko gashi da niyyar warkewa. Sankarar kaluluwa ta Hodgkin, ta maraina da wasu na jinin yara ana warkar da su ko a dawowa, wani lokaci da dashen ɓargo. Wadda ta yaɗu zuwa ƙashi ko hanta galibi riƙe ta ake yi, amma riƙon na iya kai shekaru, daga wannan magani zuwa wancan. In da hali a sake ɗaukar nama, domin wadda ta dawo takan bambanta da ta farko, har ta samu alamar da ke da nata magani. Wanda ya bi komai daidai ta dawo masa kada ya zargi kansa, kada dangi su zarge shi. Wani ƙarin tun ranar da aka gano shi masu taurin na ciki. Morfin kuma idan an rubuta a sha, maganin ciwo ne, ba sallama ba ce.

Wace alama ce za ta sa in koma asibiti kafin ranar da aka ba ni?

Sabon ƙulli a wurin aiki, hammata ko wuya. Ciwon ƙashi ko baya da ya wuce mako 2 yana tashin ka da dare. Tarin da ya ƙi ji, haki, shawara, rama ba dalili, ciwon kai da amai da safe, jini daga inda bai kamata ba. Ciwon baya tare da sanyin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari na ranar ne, ko da tsakar dare. Mai cikin kimawi kuma da zafin jikinsa ya kai 38, kada a ce malariya ce a saya masa ƙwaya a kanti. A kai shi asibiti a sa'ar, a gaya musu ranar jur'arsa ta ƙarshe, a auna jini.